Jan Tsumma

"Iri," in ji Mama, ta damƙe wuyan hannun Auta da hannunta na hagu, wanda shi kaɗai ciwon ya bar mata.

"Irin me, Mama? Irin shayin jiya kike so?"

Mama ta runtse ido don takaici. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita a asibiti, wannan ce kalmar farko da ta fito daga bakinta, kuma tun safe take nanata ta. An kawo shayi, an canza filo, nas ta duba ledar ruwa, duk ba shi ba ne. Matar da in ta fara faɗa har maƙwabta sai sun rage rediyo, yau ga ta tana kokawa da kalma ɗaya.

Auta ta ɗauko waya don ta ɗauke mata hankali. "Kin ga hoton da Yaya ya turo. Ana share miki tsakar gida, za a zuba siminti saboda keken da za a riƙa tura ki."

Lambun Mama ne a hoton, yadda yake komawa duk ƙarshen lokacin zafi. Tumatir ya gama 'ya'ya, ganyen kabewa ya yi rawaya, furannin bakin ƙofa sun bushe a tsaye. Can gefe ga mai aiki ya sunkuya da adda. Mama ta fizgi wayar, ta danna yatsa a kan wani jan abu da ke ɗaure a jikin karan kuɓewa.

"Iri."

Sai yanzu Auta ta gane. Duk shekara Mama takan zaɓi kuɓewa da waken da suka fi kyau ta ɗaura musu jan tsumma. Waɗannan ba a tsinka, ba a ci, barin su ake su bushe a jikin kara, su ne abin shukar baɗi. Daga hannun kakarsu irin ya fito, kuma babu shi a kowace kasuwa. Tana yarinya Auta ta taɓa tsinko ɗaya don wasa, ranar ta sha "sakarya" har ta ƙoshi. Ita ce kuma jiya ta ce wa Yaya ai komai ya bushe, a share kawai.

Ta fita baranda ta kira shi.

"Auta, muna cikin taro," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na ce wa mai aikin in ya gama ya tara ya ƙona."

"Ya ƙona?"

"To ajiye shara za mu yi?"

"Yaya, irin Mama yana ciki. Ba ni lambarsa."

"Wayarsa ta lalace. Ke, wane iri kuma? In saya mata buhu guda in tana so."

Ta kashe wayar, don in ta buɗe baki abin da zai fito ba na ƙanwa ba ne.

Bas ɗin da ta shiga zuwa gida kamar da gayya yake yi. Ya tsaya ɗaukar mai kaji, ya tsaya kwandasta ya nemo canji, sannan ya je ya maƙale a cunkoson bakin kasuwa. Auta tana ta kaɗa ƙafa har matar da ke kusa da ita ta tambaye ta ko fitsari take ji. Tsoro ne ya cika ta. Ta san in irin nan ya ƙone, Mama ba za ta ƙara wahalar da bakinta a kan wata kalma ba. Ta sauka ta kama gudu. Tun daga kwanar layinsu ta hango hayaƙi.

Tari ɗaya ya riga ya ci wuta, na kabewa da tumatir. Na biyu, karan kuɓewa da yaɗon wake, mai aikin yana jan sa da manjagara zuwa bakin wutar.

"Malam, tsaya!" Ta suri bokitin da ke gindin famfo ta sheƙa wa wutar.

Ya ja da baya. "Lafiya, Anti?"

"Masu jan tsumma, ina suke?"

Sai ya washe baki. "Haba, ai ban ƙona muku kayanku ba." Ya zura hannu a aljihu ya fito da jajayen tsummokin, a ninke tsaf kamar an goge su. "Sai da na bi na kwance su duka. Na ga kamar za a so su."

Auta ta dubi tsummokin, ta dubi tarin. Kara duk kara ne, busasshe duk busasshe ne. Ba ta san wanne ne wanne ba, kuma ba wanda za ta tambaya a gidan nan. Ta ɗauko babbar robar wanki ta durƙusa, ta shiga tsinke duk wani kwanso da idonta ya gani, ƙaiƙayin kuɓewa yana cin hannunta.

"Gobe ne za a kawo siminti," in ji mai aikin.

"A dakata tukuna," ta ce.

Da ta shiga ɗakin marasa lafiya da roba a ka, nas ta tare ta. "Nan fa asibiti ne, ba kasuwa ba."

"Don Allah, yanzu zan fitar."

Ta ajiye robar a kan gado, ta faɗa wa Mama gaskiya: an kwance tsummokin, komai ya gauraye. Mama ta daɗe tana kallon ta, har Auta ta sunkuyar da kai. Can sai hannun hagun ya miƙe. Ya ɗauki kuɓewa ɗaya, ya kai ta kunne, ya girgiza. Mama ta saurara, ta wurgar da ita ƙasa. Ta ɗauki wata, ta girgiza, wannan karon 'ya'yan ciki suka yi ƙara, ta ajiye a cinya.

Auta ta ga wata doguwa mai kyau, ta ɗauka ta ɗora a kan ta cinyar don ta taya ta. Mama ta cire ta, ta jefar. Ta zuba mata ido, bakinta ya karkace, ya yi ta motsi kafin maganar ta fito.

"Sakarya."

Nas ta juyo da sauri. "Me ta ce?"

Auta ta share ido da bayan hannu. "Ni ta kira," ta ce, ta matso mata da robar.