Tsirkiyoyi a Tukunyar Miya

Ruwan na tsakiyar tafasa aka doko ƙofar kicin da ƙafa, har sakatar ta yi tsalle ta faɗo gaban risho.

"Kar ka motsa! Ɗaga hannu!"

Gilbert ya ɗaga hannu, cokalin miya na ɗiga masa ruwan zafi a gwiwar hannu. Mutum uku ne, 'yan sintirin unguwa, biyu da gora, ɗaya da adda. Na gabansu Sule ne, shugabansu, wanda suka yi firamare tare a nan unguwar Manawashi.

"Sule? Ni ne fa."

"Na san kai ne. Fito waje. Kar ka taɓa tukunyar nan."

Suka tura shi tsakar gida. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, ga shi ranar Asabar, kowa na nan. Mata sun kwashe yara sun yi bakin ƙofar waje, suna leƙe. Mai addar ya naɗe hannu da tsumma, ya sauko da tukunyar yana nesanta ta da jikinsa, ya dire a tsakiyar fili ya ja da baya da sauri. A cikin ruwan da ya yi baƙi, wayoyi huɗu ne a nannaɗe.

"Mene ne wannan?" in ji Sule.

"Tsirkiyar jita ce."

"Tsirkiya kake dafawa? Ci za ka yi?"

Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye. Gilbert ya ji kansa na ɗaukar zafi. Shi ma'aikacin ofis ne, kiɗa kuwa sha'awa ce, shi ke kaɗa jitar bes, mai babbar murya, a cocinsu duk Lahadi. Yau da rana za a ɗaura auren ƙanwarsa Edna, kuma tun mutuwar babansu ya yi mata alkawarin da kiɗansa za ta shiga coci. Tsirkiyoyin sun mutu, gumi da datti sun toshe su, in ya taɓa sai ka ce ana dukan katifa. Aloysius, wanda kaɗai ke kawo irin da yake so, masu kauri masu kaushi, ya rufe shago ya kwashe iyalinsa zuwa garinsu tun bayan bam ɗin tasha. Abin da ya rage shi ne dabarar masu kaɗa bes: a tafasa tsofaffin da ruwan lemun tsami, datti ya fita, murya ta dawo ko ta kwana biyu ce.

Duk ya zayyana musu wannan, yana cizon kalmomin.

"To me ya sa ka kulle ƙofa?"

Sule ya matso.

"Na ce me ya sa ka sa sakata?"

"Tukunyar matata ce! Ta miya! In ta gani sai ta cinye ni ɗanye, shi ya sa na jira ta fita!"

Kafin Sule ya ce wani abu, na ukunsu ya fito daga ɗakin Gilbert yana jan kaya. Batirin mota. Ƙaramar amfilifaya, na'urar ƙara sauti. Wayoyi ja da baƙi. Sai jitar, ba tsirkiya ko ɗaya a jikinta, ya riƙo ta ta wuya kamar kazar da aka yanka.

"Sauke min ita a hankali!" Gilbert ya yi kansa, gora ta tare shi a ƙirji.

"Batir kuma na mene ne?"

"Ina ka ga wuta a unguwar nan? Da iska zan kunna amfilifaya?"

Mai addar ya juya jitar, ya ƙwanƙwasa bayanta, ya nuna wani murfi da aka ɗaure da ƙusoshi. "Oga, akwai abu a ciki. Ga waya na leƙowa. A fasa kawai a gani."

"Ka fasa me?" Muryar Gilbert ta tashi. "Ka san shekara nawa na yi kafin na mallaki wannan? Ka sa mata adda ka gani!"

"Barazana kake mana?"

"Gilbert, saurara," in ji Sule. "An kira mu, an ce ana dafa waya a ɗaki a kulle. Abu biyu ne. Ko mu duba da kanmu, ko in kira sojoji su zo su duba. In suka zo, kai da gidan nan sai wani makon, ka fi ni sani."

"Wa ya kira ku?"

"Ba a faɗa."

Gilbert ya juya ya bi fuskokin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Taga ɗaya ce tak ke kallon tagar kicinsa, ta Dokas. Tana tsaye a ƙofar ɗakinta, ta riƙe labule, idonta a ƙasa. Dokas da mijinta ya fita lodin kaya a tasha ranar bam ɗin bai dawo ba. Dokas da 'ya'yanta ke cin abinci kwano ɗaya da 'yarsa Sandra.

"Ke?" ya ce.

Ba ta ɗago ba.

Daidai nan Margaret, matarsa, ta kutso daga waje da ankon biki a jikinta, ta dawo ɗaukar kulolin abinci. Ta tsaya cak.

"Baban Sandra, tukunyata ce wannan?"

"Maman Sandra, ba yanzu ba."

"Tukunyar miyata?" Sai ta lura da addar, da gorar da ke ƙirjin mijinta, nan take ta juya. "Kai Sule! Ba kai ne ka cinye min faranti biyu na shinkafa ranar Kirsimeti ba? Yau kuma mijina ne ɗan ta'adda? Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa?"

"Madam, aiki ne." Sule ya share gumi. Ya dubi Gilbert. "Ka ce tsirkiya ce. Ɗaura ta ka kaɗa mu ji. In ta yi kiɗa, mun tafi. In ba ta yi ba, a buɗe jitar."

Gilbert ya durƙusa. Ya tsamo tsirkiyoyin da cokali, suna ƙona masa yatsu, ya goge su da gefen rigarsa. Kamata ya yi a shanya su su bushe sarai, a ɗaura a hankali, ana ja ana hutawa, don tsohuwar tsirkiya ta riga ta gaji a inda ta taɓa naɗuwa. Ba wanda zai ba shi wannan lokacin. Ya zura mai kaurin, ya murɗa. Ta biyu. Ta uku.

"Yi sauri mana," in ji mai addar. "Da wayar burki ka sa ai da ka huta. Yayana da ita yake yi wa gurminsa tsirkiya."

"Jita ce wannan, ba keke ba."

Ya zura ta huɗun, siririyar, ya murɗa da ƙarfin da bai yi niyya ba. Tas! Ta tsinke, ta zabge shi a bayan hannu, jini ya fito.

Ya daɗe yana kallon guntun da ke lilo. A duk garin Gombe bai san inda zai sami wata yau ba.

"Kun ji daɗi?" ya ce a hankali.

Ya miƙe, ya maƙala wayoyin a batir, ya jona jitar. Sannan ya juya bakin amfilifayar ya saita shi daidai ƙofar Dokas, ya murɗa sauti har ƙarshe.

"Baban Sandra," in ji Margaret.

"Ji suke so. Bari su ji."

Ya finciki mai kaurin da babban yatsa.

Duuum! Kwanon rufi ya amsa, tagogi suka yi kakkarwa, sautin ya bi ta ƙasa ya daki ƙirjin kowa. Matan bakin ƙofa suka watse da ihu. Mai addar ya tsuguna ya kare kansa. Tsirkiyar ta dawo da muryarta tsaf, fiye da yadda Gilbert ya zata.

Dokas kuwa tana ƙasa. Ta faɗi da labulen a hannunta, ta dunƙule, ta toshe kunnuwa, tana kiran sunan mijinta, tana kira, tana kira.

Gilbert ya kifa tafin hannu a kan tsirkiyar, sautin ya mutu. Maganganun da ya tanadar mata suna nan cike da bakinsa, masu zafi, kuma duk gaskiya ne. Ya dube ta a ƙasa. Margaret ta riga ta isa wurinta, ta ɗora kanta a cinya, ankon biki na shan ƙasa, tana hararar mijinta da Sule gaba ɗaya.

"Shi ke nan," in ji Sule, muryarsa ta sauka. "Jita ce. Ka yi haƙuri, Gilbert. Ka san halin da ake ciki."

Ya yafito yaransa, suka nufi ƙofa.

"Sule," in ji Gilbert.

Ya waiwayo.

Gilbert ya zare wayoyin daga batir, ya nannaɗe su. Ya warware guntun tsirkiyar da ta tsinke ya jefar cikin tukunya. Ya rataya jitar a kafaɗa haka nan, ba jaka, tsirkiya uku na ƙyalli a rana.

"Daga nan zuwa coci akwai shinge, akwai 'yan sintirin wata unguwar, akwai masu leƙe ta taga. In na ɗauki batir da waya na bi titi, ba zan kai ba." Ya tura batirin da ƙafa har gaban Sule. "Ɗauka. Kai za ka kai min."

"Ni?"

"Kai aka yarda da kai."

Sule ya dubi yaransa, ya dubi maƙwabtan da suka fara dawowa bakin ƙofa. Ya miƙa wa mai addar gorarsa, ya sunkuya ya cicciɓi batirin ya aza a ka. Gilbert ya ɗauki amfilifaya ya wuce gaba, bai jira shi ba.