Rigar Juma'ar Malam Tsoho

Faruƙ ne ya yi wannan aika-aikar. Uwarsa Mariya tana cikin takaba, ya kwashe kayan ubansa kaf, ya ɗura a baƙaƙen ledoji, ya kai shagon gwanjon da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Parkchester, can ƙasar Turawa. Wai don kada ta riƙa ganinsu tana kuka. Ɗan yau ke nan, ko shawara babu! Shi ne kuma, da ta fita takaba, ya sama mata aikin sa kai a shagon, wai zaman gida zai sa mata ciwo.

Rannan ana buɗe ledoji a ɗakin baya, sai ga babbar rigar mijinta marigayi Malam Tsoho, shuɗiyar shaddar nan mai aska biyu da yake zuwa Juma'a da ita. Mariya ta ƙanƙame ta a ƙirji. Akua mai kula da shagon 'yar Kumasi ce, tana jin Hausar zango. Ta tausaya ƙwarai, amma ta ce doka ta hana: mai aikin sa kai ba ya saye, ba ya turo wani ya saya masa, sai kaya sun yi mako a rataye. Ga kyamara a kowane lungu.

"Hajiya, wa zai sayi wannan a nan? Kwantar da hankalinki."

Mariya ta cusa rigar can ƙarshen layi, cikin rigunan sanyi. Masu saye suka ci gaba da halinsu, wannan ta jefo mata kaya a fuska, wancan ya ce ba ya gane Turancinta. Duk ta shanye, idonta na kan ƙarshen layin. Abin da suka manta, ita da Akua, ƙarshen Oktoba ne, lokacin da mutanen garin nan ke yawon neman kayan shigar dodanni don wani bikinsu na shekara-shekara.

Ana gobe mako zai cika, wani dogon mutum ya shigo yana hargitsa kaya yana watsarwa a ƙasa. Ya zaro rigar, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ke! Wannan zanen gado ne ko tanti?"

Ya zura kai, gaba a baya, ya hau juyi a gaban madubi. Mariya ta tattaro ɗan Turancinta.

"Ta mijina ce. Ya rasu."

"To ai ba zai neme ta ba ke nan. Ta sayarwa ce ko a'a?"

Ta dubi Akua. Akua ta sunkuyar da kai tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Wallahi Mariya ba ta taɓa jin ta tsani ɗan Adam kamar yadda ta tsani mutumin nan ba.

Sai ta ga bakin rigar yana sharar ƙasa, yana taka shi da takalmi. Wannan kam ta kasa jurewa. Ta fito daga bayan kantar shagon ta nufe shi, har Akua ta zaci mari za ta kwaɗa masa. Ina! Juya rigar ta yi, aikin ya dawo ƙirji. Ta tattaro hannun dama ta naɗe a kafaɗarsa, ta koma na hagu, yadda ta shekara talatin tana yi duk Juma'a. Turaren Malam yana nan a wuyan rigar, bai tafi ba.

"Yi sauri mana, tsohuwa," in ji mutumin.

Ita da hannunta ta cire takardar farashin. Ya ce ba ya son leda, a jikinsa zai tafi da ita. Ya juya ya nufi ƙofa, ashe tsayinsu ɗaya da Malam, rigar ta zauna a kafaɗun nan daram. Kafin ta ankara bakinta ya riga ta.

"A dawo lafiya, Malam."

Ƙofar ta rufe. Wata mata tana ta buga makulli a kan kantar shagon, tana tambaya wai babu kowa ne a shagon nan.