Rigar Lauyan Ɓarayi

Shekara goma sha tara Malama ta yi tana koyar da darasin haƙƙin ɗan ƙasa a sakandaren bayan kasuwa. Ko daga barci aka tashe ta, za ta rubuta maka jimlar nan a allo ba tare da ta duba littafi ba: duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Rubutunta kuwa a miƙe yake, kamar da zare aka ja shi. Abin da ya gagare ta shi ne gaisawa da ƙanenta, yau wata huɗu ke nan.

Auta take kiransa, ko da yake kowa Lauya yake ce masa. Ita ta goya shi, ita ta raka shi makaranta ranar farko, kuma tun da ya fara shiga kotu ita ke goge masa baƙar rigar aiki da farar kwalar nan mai harshe biyu. Duk ƙarshen mako zai kawo su, ya zauna a bakin teburin guga yana zuba mata labari, ita tana yayyafa sitaci tana kushe masu wanki da guga, wai ba su san darajar rigar ba.

Sai aka fasa shaguna uku a layinsu, aka kama mai gyaran rediyo, Auta ya tsaya masa a kotu. Ɗaya daga cikin shagunan na mai yadi ne, aminiyar Malama tun suna 'yan mata. Daga ranar mai yadi ta daina amsa gaisuwarta, in Malama ta zo wucewa kuma sai ta ji ana cewa ga yayar lauyan ɓarayi nan. Abin ya ci mata rai ƙwarai. Da Auta ya kawo riga ta ce masa dutsen guga ya lalace. Mako na biyu ma haka. Shi kuwa ya taɓa dutsen da bayan hannu, ya ji da ɗumi, ya naɗe rigarsa ya tafi, bai sake kawowa ba.

Ana nan sai shugaban makaranta ya ce bana lallai a gayyato lauya na gaske ya ga kotun wasan da Malama ke shiryawa a ajinta kowace shekara. Lauya ɗaya ta sani a duniya. Ta aika masa saƙo ta bakin Innarsu, Inna ta isar, ta kuma ƙara da nata, cewa ita ta gaji da zama ɗan aike tsakanin 'ya'yan da ta haifa.

Ya zo ranar Laraba, sanye da rigar. Kallo ɗaya Malama ta yi mata ta kawar da kai. Kafaɗa duk ta yamutse, harshen kwala ɗaya ya lanƙwashe, ga kuma ɗan tabon ƙuna a gefen hannun rigar. Hannun Malama har ƙaiƙayin gyara ta yake yi, amma ta daure, ta gabatar da shi ga aji a matsayin baƙo mai daraja, kamar yau ta fara ganinsa.

Tsarin kotun Malama ba ya canzawa. Ana zuba 'yan takardu a gwangwanin alli, kowa ya ɗauki rabonsa: alƙali, mai gabatar da ƙara, shaidu, lauyan kariya. Shari'ar satar akuya ce kullum, wadda ita ta ƙirƙira. Mai ƙara zai yi bayani, shaidu biyar su biyo baya, lauyan kariya ne ƙarshe. Darasin minti arba'in ne. A shekara goma sha tara, ba a taɓa kaiwa kan lauyan kariya ba sai an buga ƙararrawa, alƙali ya yanke hukunci a tsaye da jaka a kafaɗa, a fita tara. Ita kuma ba ta taɓa ganin aibin haka ba, tunda ai kowa ya san an saci akuyar.

Auta ya saurari tsarin, ya ce a bar akuya ta huta bana. Ya tambayi ajin ko akwai wani abu na gaske da ke damunsu. Can wata yarinya da ake kira Aku, saboda bakinta ba ya rufuwa, ta ɗaga hannu ta ce makon jiya an bar taga a buɗe, ruwan sama ya jiƙe musu littattafan rubutu ashirin da bakwai. Ya tambaya wa ke fita ƙarshe. Ido arba'in da wani abu suka juya wuri ɗaya, domin makullin ajin a jakar Malama yake kwana.

Haka Malama ta tsinci kanta a tsaye tsakanin tebura biyu a matsayin wadda ake tuhuma, tana murmushin yaƙe. Gwangwani ya ba Aku gabatar da ƙara, ita kuwa dama abin nema ya samu. Daga taga ta wuce kan taswirar bango da ta ɓace, daga nan ta hau kan fankar da ta daina juyawa, wai duk sakacin mai makulli ne. Shaidu suka yi ta fitowa suna gyaɗa kai. Yaron da ya ɗauki takardar lauyan kariya ya mayar da ita gwangwani, ya ce shi ba zai goyi bayan mai laifi ba, Malama ma ba za ta so ba. Auta ya sa hannu ya ɗauki takardar, ya roƙi alƙali minti biyu ya gana da wadda yake karewa.

Suka tsaya a bakin ƙofa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, sai ta riga shi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Auta, ni na bar tagar."

"To ba zan ce ba ke ba ce, Yaya. Kin yarda in faɗa musu?"

Ta ce ta yarda.

"Taswira fa? Fanka fa?"

"Ban san komai a kansu ba."

"Su ne aikina," in ji shi.

Suka koma. Ya gyara rigarsa mai yamutsi, ya buɗe baki zai fara, sai ƙararrawa ta kaɗa. Nan take aji ya ruɗe da jan kujeru, yarinyar da ke alƙalanci ta miƙe da jakarta tana shirin faɗin hukunci kamar yadda aka saba. Wasa ne, Malama ta sani. Amma yaran nan za su fita ke nan da taswira da fanka a kanta, gobe labari ya kai ɗakin malamai, kuma ba wanda ya ji ta bakinta. Ba ta san lokacin da ta buga tebur ba.

"Ba inda za ku. Ba a ji nawa ba tukuna."

Suka zauna, wasu da ƙunshin abincinsu a cinya. Auta bai ɗauki minti bakwai ba. Ya ce wadda yake karewa ta amsa laifin taga, kuma tana nadama. Sannan ya kira monita ya tambaye shi wa ya gani na ƙarshe da taswira. Monita ya sosa ƙeya ya ce malamin tarihi ne ya ara tun zangon da ya wuce. Fanka kuwa, ya tambayi waɗanda suka maimaita aji, su uku suka shaida da ɗan jin kunya cewa tun bara ba ta juyawa, lokacin wani malami ne ke riƙe da makulli. Aku ta koma kujerarta ta zauna.

Alƙali ta wanke Malama daga biyu, ta kama ta da ɗaya, ta yanke mata hukuncin sa wa littattafai ashirin da bakwai sabon bango da hannunta. Malama ta ce ta karɓa, ba za ta ɗaukaka ƙara ba. Aji ya fashe da dariya, ita ma ta yi, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba.

Ta raka shi har bakin ƙofar makaranta. Sai da suka kai inuwar katanga ta tambaye shi yadda shari'ar mai gyaran rediyo ta ƙare, abin da wata huɗu ba ta tambayi kowa ba. Ya ce shago ɗaya mutumin ne ya fasa, na mai yadi, ya kuma amsa da bakinsa, yana can yana zaman hukuncinsa. Sauran biyun kuwa yana kwance a asibiti aka fasa su, takardar sallama ta nuna. Kunya ta kama Malama, amma ba mai nauyi ba, har da wani sanyi a ciki.

"Cire rigar nan," ta ce. "Wa ya ƙona maka hannun riga haka? Kana zubar mini da mutunci a gari."

Ya cire, ya haɗa da kwalar ya miƙa mata. Jakarta babba ce, rigar za ta shiga har da saura, amma sai ta rataya ta a hannu, ta bi ta layinsu maimakon hanyar baya da ta koma bi. Mai yadi na zaune a ƙofar shago tana auna wa wata yadi. Malama ta gaishe ta da kyau, ba ta amsa ba. Daga bencin masu hira wani ya ce, ba da ƙarfi sosai ba, ga yayar lauyan ɓarayi nan.

Malama ta tsaya, ta gyara rigar a hannunta don kada ta ja ƙasa, ta waiwaya.

"Na'am," ta ce.