Baitin da Kailani Ya Ɓoye

Kailani tela ne a Tudun Wada, amma kira shi tela ka ga ɓacin rai. Shi a wurinsa mawaƙi ne, ɗinki kuwa ƙaddara ce. Shekara biyu yana sassaƙa waƙa guda, "Gadar Kubanni", kuma abu ɗaya yake so a duniya: ranar da ta fito, Zariya ta san tasa ce.

Sai dai mutumin naka akwai zargi. Ko allura ce ta ɓata, sai ya ƙare wa maƙwabcinsa kallo.

Ranar ɗaukar gwaji ya je situdiyon Evans, makaɗin da ke bayan kasuwa. Evans ya ɗora kiɗa, Bahijja mai amshi ta karɓa, waƙa ta zauna daram. Baiti huɗu Kailani ya rera, ya cire abin kunne.

"Malam Kailani, saura na ƙarshe," in ji Evans. "Inda za ka faɗi sunanka."

"Sai ranar fitarwa."

"Haba! Waƙa ba suna ai akuya ce ba shaida."

Kailani ya yi murmushi, a ransa yana cewa, ka ji ɓarawo, so yake ya same ta cikakkiya ya kai wa wani a Kano. Wa zai sayi riga ba wuya? Bai tsaya nan ba. Ya sa aka tura masa gwajin a wayarsa, ya tsaya a kan Evans ƙiƙam sai da ya goge komai daga kwamfuta. Bahijja da ta fita tana ɗan rera amshin, harara ya raka ta da ita har bakin titi.

Wata uku yana jan ƙafa. Yau ya ce gangar ta yi yawa, gobe ya ce wane ne wancan da ya gani zaune a situdiyo. Evans ya gaji ya ce, "Malam, ni a coci na koyi kiɗa, ban koyi sata ba." Wannan ma Kailani ya ƙirga ta cikin alamun rashin gaskiya. Ana haka wayarsa ta faɗa ruwan wanki, ta kwana biyu wurin wani mai gyara a Kwangila. Ko a jikinsa.

Wata Laraba ya shiga Keke Napep zai sayo zare, sai ya ji muryarsa tana tashi daga sifika. Nan take ya dafa kafaɗar direba.

"Direba, waƙar wa ce wannan?"

"Oho! Wai wani ɗan Kano ne. Ko'ina ita ake yi."

Kamar zai tashi sama ya isa situdiyo. Ya kira Evans maci amana, ya haɗa da Bahijja. Evans ya bari ya gama tas, sannan ya ce, "Ni da ka sa na goge, me zan fitar? Wa ya taɓa riƙe wayarka?" Sai a lokacin Kailani ya tuna da mai gyaran wayar nan na Kwangila. Kunya ta kama shi, wallahi har gumi ya karyo masa.

Evans ɗan halak ne, bai riƙe shi ba. Cikin mako guda suka sake ɗauka, aka tace murya, aka yi hoton fasta, aka ɗora a intanet, aka raba wa masu tura waƙa a waya. Wannan karon baiti biyar cif, na ƙarshen yana cewa Kailani ne na Tudun Wada ya tsara.

Ranar Asabar Hajiya Maijidda ta zo karɓar ɗinkin bikin 'yarta. Ya kunna sabuwar a shago, yana ninke kaya yana satar kallonta. Ta bi amshin tiryan-tiryan, har da kaɗa kai. Da aka zo baiti na biyar ta yi turus.

"Kailani, kai ne wannan?"

"Ni ne, Hajiya," ya faɗa, bakinsa har kunne.

Ta girgiza kai cikin tausayi. "Ka yi ƙoƙari, har muryar ka kwaikwayo. Amma ɗana, ka ji tsoron Allah. Waƙar bawan Allah, ka liƙa sunanka a gindi? Ka mayar wa mai abu abinsa."