Baftismar Tsoho Chidzanja

Fada Kamwendo, limamin coci, yana da ƙauyuka goma sha bakwai a ƙarƙashinsa da babur ɗaya mai yawan tari, don haka ya rarraba aikin coci ga jama'a. Wani ya samu karatun Lahadi, wani jana'iza. Nankhoma, gwauruwar da ke share coci, ita aka ba duba marasa lafiya, har da izinin yi wa mai mutuwa baftisma in Fada ba ya kusa. A tsaye ya faɗa mata, ƙafa ɗaya kan babur, ita kuwa kunya ta hana ta tambayar yadda ake yi.

Damina na tsaka, tsoho Chidzanja ya aiko a kira ta. Shi ke sassaƙa wa 'yan rawar dodanni fuskoki, kuma ya shekara sittin yana yi wa 'yan coci dariya.

"'Yar nan, zuba min ruwan naku," in ji shi. "Na gaji da gardama."

"Baba, sai na ɗauko ruwa mai tsarki a coci."

"To yi sauri. Saura kaɗan."

Ta fita da gudu. Coci a kulle, mai mabuɗi ya tafi gona da shi a aljihu. Kafin ta nemo shi ta dawo da kwalbar, har an shimfiɗa rassan itace a hanya, alamar rasuwa. 'Yan rawa suka ce ai ya riga ya bar su, 'yan coci suka ce bai shigo ba. Haka aka binne shi, ba kiɗa ba waƙa.

Tun ranar hankalinta bai kwanta ba. Da rana tsaka, tana tuƙa tuwon masara, sai ta ji muryarsa a bayan kunnenta: yi sauri. In ta waiga, kaji ne kawai. Ta daina bi ta ƙofar gidansa, ta rame. Tsoro take ji, tsoron kada tsohon ya zama yana tsaye har yanzu yana jiran ta.

Bayan wata biyu babur ya iso. Ta durƙusa, ta faɗa wa Fada komai, ta ce ya karɓi aikinsa.

"Haba Mama! Wa ya ce sai na coci?" Fada ya dafe kai. "Kowane ruwa ya yi. Na rijiya, na rafi, na randa."

Nankhoma ta kasa ɗago kai. Ranar da tsohon ya kira ta, kafin ta fita da gudu, sai da ta tallafo kan tsohon ta ba shi ruwa ya sha, ta watsar da ragowar a bakin ƙofa.