Bulon Gindin Taya

Fallen dutsen giranit ɗin ya kai mita biyu, baƙi ne mai ɗigon fari, kuma babu irinsa na biyu a shagon. Ƙura, wanda ya sami sunan saboda garin dutse da ba ya barin girarsa, ya auna shi sau uku kafin ya ja layi da alli. Na kicin ɗin yayan matarsa ne, mutumin da ya shekara shida yana cewa ƙanwarsa ta auri mai fasa dutse. Yau ya zo da kansa. Ya ajiye mota a saman gangaren da ke sauka ƙofar shagon, ya harɗe hannu yana kallo.

Ƙura ya buɗe tiyo, ruwa ya sauka kan faifan yanka, ya kunna inji. Taƙi ɗaya aka ci, faifan ya ƙi gaba. Sai ƙara da tartsatsi.

"Ko dutsen ya fi ƙarfinka ne?" in ji Yaya.

Ƙura ya kashe inji. Ya san in ya danna da ƙarfi, bakin dutsen zai ɓare a gaban mutumin nan.

Tsoho, abokin aikinsa, ya shafa bakin faifan da ɗan yatsa. "Ya yi santsi. Ƙarfe ya rufe lu'ulu'un da ke bakinsa. Bulo yake so."

Haka ake yi. In irin wannan faifai ya dakushe, sai a yanka bulo da shi, yashin bulon ya cinye ƙarfen sama, ƙwayoyin lu'ulu'u su fito. Tsoho ya fita, ya dawo da jan bulo. Aka tsaga shi gida huɗu, aka mayar da faifan kan layi.

Ya kama. Ya bi allin sumul, ruwa na fita fari kamar madara.

"Ci, ɗan albarka!" Tsoho ya kwatsa ihu, ya shiga taka rawa cikin taɓo da takalman roba. Dariya ta kama Ƙura, amma hannunsa bai karkace ba har faifan ya fita ɗaya gefen.

"Yaya, zo ka shafa! In ka ji ƙaiƙayi, ka mayar da ƙanwarka gida!" in ji Ƙura.

Yaya bai matso ba. Guntayen bulon yake kallo. "Baba, ina ka samo wannan?"

"Nan waje. Wani ya yar da shi gindin taya."

"Motata ba ta da birkin hannu!" in ji Yaya.

Su uku suka yi waje. Giyar da ta riƙe motar ta saki, ga ta tana saukowa da baya a hankali. Yaya ya kama madubi, Tsoho ya bi ta yana ba ta hannu: "Zo, zo, kaɗan hagu!" Ta dangana da buhunan yashi a bakin ƙofa, ta tsaya. Tsakanin bayanta da teburin yanka, taku uku ne.

"Ta rage mana ɗauka," in ji Tsoho.

Ƙura ya zauna kan bokiti, hawayen dariya na yin layi a farar fuskarsa. Yaya ya zagaya motar, bai ga ko kwarzane ba. Ya shiga shago, ya bi bakin dutsen da tafin hannu daga farko har ƙarshe, ya sake bi.

"Akwai matakalar bene ma," ya ce. "Goma sha huɗu. Ka zo ka auna ranar Asabar."

Sannan ya sunkuya, ya zaɓi guntun bulo mafi girma, ya kai gindin taya.