Bututun Ɗakin Banda

A Zangon Agege, can bayan layin dogo, akwai gidan wani mahauci mai suna Ladan. Shi daga Arewa ya biyo shanu ya zo tun yana saurayi, bai koma ba. Matarsa Rahmatu kuwa haifaffiyar Ikko ce, jikar wani tsohon soja, Yarbanci a bakinta kamar ruwan sha. 'Ya'yansu mata ne, duk sun yi aure sun watse, gidan ya rage su biyu.

Sana'ar Rahmatu banda ce. Naman da bai ƙare a kwata ba Ladan ke kawo mata, ta yanyanka, ta barbaɗa gishiri da yaji, ta jera a kan ragar ƙarfe hayaƙi ya yi ta ratsa shi. A ƙasar nan kilishi ba ya yiwuwa da damina, kafin ya bushe ya yi funfuna, don haka matafiyan jirgin Kano bandar Rahmatu suke nema su yi guzuri. Ladan ya gina mata ɗan ɗaki a ƙuryar gida, da tanderun ƙasa, ya samo wani tsohon bututun ƙarfe aka kafa shi ya fasa kwanon rufi ya fita, saboda hayaƙi ya daina cin idonta. Kafintan da ya kafa shi ya cusa tsumma a kewayen, ya shafe da kwalta, aka yi shekaru ba a sake waiwayar wurin ba.

A shekarar da ake ta ɗibar samari zuwa yaƙin Bama, farkon damina, wani bijimi da ake saukewa daga taragon jirgi ya harbi Ladan da ƙafar baya. Ƙashin ƙwaurinsa ya karye. Mai ɗori ya ɗaure, ya ce kada ya kuskura ya taka ƙasa sai ya ba shi izini. Tun daga nan ɗakin banda ya zama shi ne cin gidan. Abokan Ladan na kwata suka riƙa aiko da nama, Rahmatu na gasawa tana kaiwa tasha.

Sai ga yoyo. Da fari ɗigo ne kaɗan yake bin jikin bututun, ya faɗa kan garwashi ya ce cus. Kafin a ankara, duk ruwan da aka yi sai ya zubo kamar an kafa indararo, wuta ta mutu, nama ya jiƙe ya yi wari. Rahmatu ta aika a nemo kafinta, aka ce duk kafintocin unguwar suna Ikeja suna gina barikin soja, wanda ya rage kuma tsoho ne da ba ya iya hawa. Sabon kwano kuwa yaƙi ya ɓatar da shi daga kasuwa.

Ƙawarta Iya Sikira, wata Bayarabiya mai sayar da dafaffiyar masara a bakin tasha, ta samo mata dunƙulen kwalta. Rahmatu ta narkar, ta kifa turmi ta hau, ta shafe kewayen bututun daga ciki har ta gamsu. Washegari ta hura wuta ta jera nama. Bututu na yin zafi kwalta ta narke, ta yi ta ɗiga baƙi ƙirin a kan ragar. Naman ranar gaba ɗaya karnukan unguwa ma sai da suka shinshina suka wuce.

Ta zauna a bakin ƙofar ɗakin ta yi tagumi. Yayan mijinta, Baballe, dillalin shanu ne, mutum mai jiki da yawan nasiha, ya shigo duba ƙanensa ya tarar da ita haka.

"Ki yi haƙuri, Rahmatu," in ji shi. "Ki rufe ɗakin nan har kafintoci su dawo. Abin da za ku ci, ina nan."

"Allah ya saka da alheri, Yaya. Amma masu sayen bandata in suka saba da wata, ba za su dawo ba."

"To ya za a yi? Ni dai kin ga jikina, in na hau kwanon nan tare za mu sauko da shi."

Da aka sake yin ruwa da hantsi, maimakon ta tara ƙwarya ta fita, sai Rahmatu ta tsaya a cikin ɗakin bandar ta ɗaga kai tana kallo, ruwa na zubo mata a fuska. A nan ta gane ba hanya ɗaya yake shigowa ba. Wani yana sulalowa ne ta jikin bututun daga sama. Wani kuma yana gangarowa ta kan kwano, in ya iso bakin ramin sai ya faɗo ciki. Duk abin da za ta cusa daga ƙasa, ruwan ya riga ya shigo. Gyaran yana sama.

Da yamma Ladan ya ce dambu yake marmari. Tana ɗora madambaci a kan tukunya, ta jiƙa ƙyalle da kwaɓin kuka ta naɗe mahaɗar don kada tururi ya fita, sai hannunta ya tsaya. Ga abu yana manne da tukunya mai zafi, bai narke ba, ƙara kamawa ma yake yi. Ta kai wa mijinta dambun, ta zauna a gefen tabarmarsa.

"Maigida, ni zan hau."

"Ki hau ina?"

"Kan kwano."

Ladan ya ajiye lomar da ya ɗebo. Ya dube ta, ya dubi ƙafarsa da ke ɗaure da karare. Ya san matarsa. Tun tana amarya in ta faɗi magana da wannan muryar, ta riga ta gama shawara.

"Me za ki sa a wurin?"

Ta gaya masa. Za ta yanka garwar kananzir ɗin da take ɗiban ruwa, ta yi faranti mai rami a tsakiya, ta zura shi ta kan bututun, ta tura gefensa na sama ƙarƙashin kwano yadda ruwan gangara zai bi ta kansa ya wuce. Sannan ta yi wa bututun 'yar malafa ta gwangwani, ta ɗaure da waya. Inda ƙarfe ya taɓa zafi yumɓu za ta sa, ba kwalta ba.

"Yumɓu tsura zai tsage," in ji Ladan. "Ki kwaɓa da toka da gashin wutsiyar saniya. Haka muke liƙe tanderu a garinmu." Ya nuna rufi da hannu. "Kuma ki taka kan layin ƙusa. Nan ne katako yake a ƙasa. In kika taka tsakani, mu biyu za a riƙa ɗorawa."

Kwana biyu ta yi tana aikin ƙasa. Da tsohuwar wuƙar fawa da guduma ta farke garwar, gefen gwangwani ya yanke ta a tafin hannu, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Farantin farko ramin ya yi faɗi da yawa, ta jefar ta sake da ɗaya ɓangaren. Da ta tuna kwano ba shimfiɗaɗɗe ba ne, tudu da kwari gare shi, sai ta kwantar da taɓarya ta riƙa bugun gwangwanin a kanta har ya ɗauki siffar. Iya Sikira ta zo ta tarar da ita tana ta ƙwanƙwasa, ta tambaye ta da Yarbanci ko ƙira ta koma. Da ta ji abin da ake shiryawa ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta tafi ta aro tsani a wurin masu gyaran fitilun tasha.

Ranar da za ta hau gari ya waye tas. Ta jira rana ta busar da raɓa, ta zura tsohon wandon Ladan, ta ɗaura zane a kai ta tattare shi, ta zuba kayan aiki a cikin buhu ta goya kamar jariri. Tana jingina tsani sai ga Baballe.

Ya tsaya a tsakar gida yana kallon wandon. "Rahmatu, wannan fa? A Zango, da rana tsaka, matar ƙanena a kan rufi? Me mutane za su ce?"

"Za su ce ɗakinta yana yoyo, Yaya."

Ya juya wajen tagar ɗakin ƙanensa. "Ladan, kana ji kana gani?"

"Ina ji, Yaya," muryar Ladan ta fito daga ciki. "Ni na ba ta wandon. Don Allah ka riƙe mata tsanin, ƙasar wurin da santsi."

Baballe ya naɗe hannun rigarsa, ya tofar da goron bakinsa, ya kama tsani da hannu biyu. "To hau a hankali. Ki yi bisimilla."

Ta yi, ta hau. Ba ta taɓa sanin ɗan ɗakin nan yana da tsayi haka ba. Da ta ɗora gwiwa a kan kwano ya yi ƙara ya lotsa. Ta nemo layin ƙusa da ido, ta rarrafa a kansa har ta kai ga bututun ta rungume shi. Daga nan tana hango rufin Zango gaba ɗaya, jajaye da tsatsa, da rumfunan goro, da layin dogo ya miƙe ya shige cikin itatuwa. Ta daina kallon nesa ta dubi gabanta.

Tsohon tsumman kafinta ya ruɓe, da ɗan yatsa ma yana fita. Ta kankare wurin da wuƙa har ƙarfe ya bayyana. Ta zare ƙusoshin da ke sama da ramin, ɗaya ta ƙi fita sai da ta yi ta lanƙwasa ta. Ta miƙe tsaye a hankali, ta zura farantin ta kan bututun ta sauke shi. Ya zauna daidai, kamar don wurin aka haife shi. Ta ɗaga leɓen kwanon sama da bakin wuƙa ta tura gefen farantin ƙarƙashi.

Tana mayar da ƙusa ƙafarta ta taka gansakuka ta zame. Gudumar ta kuɓuce, ta gangara ta faɗo dab da ƙafar Baballe. Ita kuwa ta cafke bututun da hannu mai ciwon, zafi ya ratsa ta har ƙeya.

"Sauko haka nan," in ji Baballe, muryarsa ta canja. "Ya isa."

"Miƙo mini gudumar, Yaya. Saura kaɗan."

Sannan wannan babban mutum ya ɗauki guduma, ya taka matakin tsani na farko, na biyu, tsani na kuka, ya miƙa mata da tsawon hannunsa.

Ta buga ƙusoshin. Ta cusa kwaɓin yumɓu a mahaɗar faranti da bututu, ta danna da babban yatsa ta shafe. Ta kifa malafar gwangwani a kai, ta murɗe wayar har ta kama. Kwaltar da ta rage ta ɗiga a kawunan ƙusa da gefen farantin, nesa da zafi. Tana cikin wannan jirgin Ibadan ya taso daga tasha, yana wucewa a hankali ta bayan gidan. Fasinjoji suka leƙo ta tagogi suna nuna ta. Wata tsohuwa a taragon ƙarshe ta zaro ɗankwalinta tana kaɗa mata. Rahmatu ta ɗaga gudumar sama, ta ji dariya ta kuɓuce mata ita kaɗai a kan rufi.

Da ta sauko ta zauna a ƙasa. Baballe ya ɗebo ruwa a randa da kansa ya miƙa mata.

Ta hura 'yar wuta mara ƙarfi don yumɓun ya gasu a hankali. Ranar ba a yi ruwa ba, washegari ma haka, har ta fara jin haushin sararin sama. A rana ta uku ta jera nama cike da raga. Bayan azahar hadari ya taso daga wajen teku, gari ya yi duhu, iska ta fara kaɗa ganyen ayaba. Ruwa ya sauko irin na Ikko, wanda in yana dukan kwano ba ka jin maganar na kusa da kai.

Rahmatu ta tsaya a gaban tanderu, ta ɗaga kai. Ta kai hannu kusa da bututun, ta shafa kwanon da ke kewaye da shi. A bushe. Ta jira, ruwa ya ƙara ƙarfi, tsakar gida ta zama tafki. Garwashi na nan jajir, kitse na ɗiga yana ƙamshi, hayaƙi na bin hanyarsa yana fita. Ko ɗigo ɗaya bai faɗo ba.

Ta tsinci yanka mafi kyau, ta rufe da faifai, ta ratsa ruwan da gudu zuwa ɗakin mijinta. Baballe na zaune a wurin, ruwa ya tsare shi.

"Ya ake ciki?" in ji Ladan.

Ta buɗe faifan ta ajiye a gabansu. Ladan ya taɓa naman, ya ji shi da zafi, a bushe. Ya dube ta, jiƙe sharkaf, hannu ɗaure da tsumma, ya yi ta murmushi.

Baballe ya yagi nasa ya tauna a hankali. Sai da ya haɗiye ya yi gyaran murya.

"Rahmatu, zauren nan nawa, ta wajen kusurwar gabas, shi ma yana ɗan zuba."

"Sai ka nemo garwa, Yaya," ta ce, tana matse bakin zanenta. "Tawa ta ƙare."

Ta koma cikin ruwan, don lokacin juya nama ya yi.